Motar Baɗi

Asabar, 10 ga Rabi'ul Ahir, 1375

Shehu Abdulganiyyu ya aiko a kira ni bayan la'asar. Na ɗauka maganar tantuna ce, ashe ta Jaka ce, tsohuwar motar gidan.

Ya ce, "Rabi'u, motar nan ta yi mana iya abin da za ta yi. Kafin hajjin bana ina son sabuwa, mai cin mutum tara. Kai ka san ƙarfe, ni ban sani ba. Wadda ka nuna ita zan saya."

Na ce to. Me zan ce.

Shekara tara ina tuƙa ta, tun ranar da ya ɗauko ni daga warsha, garejin gyaran mota na unguwar Jarwal. Shi muɗawwifi ne, alhazan ƙasarmu a hannunsa suke sauka, kuma duk tsohon da ƙafa ta gaza masa a cikin Jaka ya hau Arfa. Ba ta taɓa bari na a hanya ba. Tari dai tana yi da safe, ni ma ina yi.

Na gaya wa matata Shatu, ta ce ai girmama ni ya yi. Haka ne. Amma tuwon bai shiga ba.

Litinin, 12 ga Rabi'ul Ahir

Na yi kuskuren faɗa a shagon gahawa. Direba goma sha ɗaya, ra'ayi goma sha ɗaya.

Mu nan ba ma kiran mota da sunan da masu ita suka raɗa mata, harshe ba ya juyuwa. Akwai Mai Gashin Baki, dangin Jaka ke nan: nauyin sitiyari, shan fetur kamar ba gobe, amma kayan gyaranta ko a shagon mai kwano ka samu. Akwai Mai Fiffike, mai gudu da laushin zama, wadda manyan Jidda suke yayi. Sai Kunkuru ta ƙasar Ingila, ba ta shan mai, ba ta kuma ɗaukar kowa. Ita na cire ta tun a zaune.

Sabo, wanda muka koyi inji tare a garin Madani, a hanyarmu ta zuwa nan, kan manyan motocin auduga, ya dage a kan Mai Fiffike. Wani Bayamane ya ce birkinta na mata ne. Sabo ya ce shi kuwa Mai Gashin Baki sai wanda ya ƙi jinin kafaɗunsa. Har mai gahawa ya sa baki, mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba.

Can Sabo ya ce ai ƙirar hamsin da shida ta sauka a Jidda tun makon jiya. Na ce wace hamsin da shida? Na san lissafin Nasara, takardun motarmu da shi ake rubutawa. Hamsin da biyar muke ciki, da sauran fiye da wata guda. Ya ce shi dai da idonsa ya gani.

Motar baɗi, a bana.

Juma'a, 16 ga Rabi'ul Ahir

Mukhtaru ya zo gaisuwa bayan Juma'a.

Wata biyu ke nan da kawunsa ya zo nema masa Asiya, autata, ban ba su amsa ba. Ba ni da wani laifi da zan nuna a jikinsa. Haifaffen nan Makka ne, iyayensa mutanen kirki ne a unguwar Misfala, shekarunsa ashirin da bakwai. Amma aikinsa sayar da mota a wurin wakilin Mai Fiffike a Jidda, ni kuwa duk mai sayar da mota da na sani bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ga Hausar tasa, kalma biyu sai Larabci ya faɗo.

Na tambaye shi maganar motar baɗi, don in ga yadda zai murɗe.

Bai murɗe ba, a gaskiya. Ya ce shugaban warsharsu, wani Nasara da ya yi aiki a can ƙasar da ake ƙera motocin, ya ba shi labari. Wai da can a farkon shekara suke fito da sababbi. Sai ya zama ma'aikata suna zaman banza rabin shekara, saboda ba mai sayen mota cikin sanyinsu. Wajen shekara ashirin da suka wuce hukumarsu ta nemi a matso da abin zuwa kaka, don aiki ya ratsa sanyin. Kuma da kaka manomansu suke da abin hannu. Da zafi ake rufe masana'anta a sauya ƙarafan ƙira, tana buɗewa kuwa sabuwa take fitarwa, ba za su ajiye ta su jira wata uku ba. Balle kowane kamfani yana tsoron maƙwabcinsa ya riga shi.

Na ce duk na ji, amma me ya hana su rubuta shekarar gaskiya?

Ya yi dariya. Ammi yake ce mini, wato kawu da Larabci. "Ammi, idan an rubuta baɗi, mai ta bana zai dubi tasa ya ga ta tsufa. Wannan ma yana ciki, ba zan ɓoye maka ba."

Na ce a shari'a an hana sayar da abin da bai zo ba.

Ya ce, "Motar ta zo, Ammi. Shekarar ce ba ta zo ba."

Shatu ta yi dariya daga bayan labule. Ban ji daɗi ba.

Lahadi, 18 ga Rabi'ul Ahir

Sun fara rushe gidajen gefen Safa, za a faɗaɗa Harami. Sai da na zagaya ta Ajyad.

Talata, 20 ga Rabi'ul Ahir

Jidda. Na tafi da asuba, na dawo da magariba.

Na fara da Mai Gashin Baki. Ita ma an rubuta mata hamsin da shida. Na buɗe bonet, sai ga injin Jaka yana kallo na, ba abin da ya sauya sai fenti. Hancin kawai suka gyara da fitilu. Na ji kamar na haɗu da tsohon maƙwabci ya yi sabuwar riga. Mai wurin ya ce wannan shi ne alherinta. Ni kuwa na ce a raina, wannan shi ne ƙaryar da nake faɗa.

Sai na tsallaka titi wurin su Mukhtaru.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Launin ruwan ƙasa da fari, doguwa, gilashin gaba ya lanƙwaso har gefe. Suka ba ni na fita da ita hanyar Madina. Sitiyarin da yatsa biyu. Injin ba ka jin sa sai ka taka, in ka taka kuwa bayanka ya manne da kujera. Kafaɗar nan tawa ta dama da ke hana ni ɗaga buta, yau ban tuna da ita ba. Na tuna tsofaffin da Jaka ke jijjigawa har su yi amai.

Da na dawo Mukhtaru ya ja ni bayan ma'ajiyar taya, ya rage murya.

Ya ce kada in ɗauki wannan. Wai bana ce shekarar farko ta wannan ƙira, komai sabo ne. Sun sa babban inji a ƙaramin wuri, bututun fetur ya bi ta jikin wurin da ya fi zafi. A buɗaɗɗiyar hanya iska na sanyaya shi. Amma a cunkoso, da zafin Zulhajji, fetur zai tafasa a cikin bututu, inji ya nemi mai ya sami iska. Ya ce a ƙasar sanyi aka gwada ta, kuma ƙirar farko sai ta shekara a hannun mutane kafin a san ciwonta.

Na ce to wacce?

Ya ce akwai ta bara guda biyu da suka rage a bayan gida, an san halinsu. "Ko ka koma tsallake, wallahi, ka ɗauki Mai Gashin Baki. Ga aikinka ta fi."

Na ce zan yi tunani.

Laraba, 21 ga Rabi'ul Ahir

Na ba Sabo labari. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce tsohuwar dabara ce: in sababbi sun sauka, na bara sun zame wa wakili kaya, duk yaron da ya sayar da ɗaya ana yi masa ihsani. Maganar Mai Gashin Baki kuwa don in yarda da shi ne, ya san ba zan koma ba.

Abin ya zauna mini daidai. Wataƙila ya yi saurin zama.

Shatu ta ce, "Malam, mutumin da ke neman 'yarka zai cuce ka a mota?" Na ce ba ta san 'yan kasuwa ba. Ta ce ta san ni dai.

Lahadi, 3 ga Jimada Ula

Na nuna wa Shehu sabuwar. Ya tambaya ko na bincika, na ce na bincika. Ban kawo maganar bututu ba. Me zan ce, wai mai sayarwa ya ce kada a saya?

Yau na shigo da ita Makka. Mukhtaru ne ya miƙo mini makulli. Bai ce komai ba sai "Allah ya sa albarka, Ammi." Fuskarsa ba ta nuna jin haushi ba, haushin kuwa shi na so in gani.

A Jarwal sai da direbobi suka tashi daga gahawa. Bayamanen nan ya zagaya ta sau biyu yana shafa fiffiken.

Litinin, 11 ga Jimada Ula

An sayar da Jaka ga wani mai ruwa a Nakkasa. Na hango ta tana hawa tudu da garwa ashirin a baya, an cire kujerun. Yana taka kuloci kamar yana kashe kunama. Na kau da kai.

Lahadi, 17 ga Jimada Ula

Sabo ya ce yau shekarar Nasara ta shiga hamsin da shida. To, ta iske motarta har ta yi mako biyu tana aiki.

Lahadi, 5 ga Sha'aban

Mun dawo daga ziyarar Madina, ni da Shehu da iyalinsa. Zuwa da dawowa ko tari ba ta yi ba. Mun wuce Mai Gashin Baki uku a hanyar Badar, ɗaya ta Bayamane ce, na ɗaga masa hannu. Uwargidan Shehu ta yi barci tun daga Rabig, ita da ba ta taɓa runtsawa a mota ba.

Shehu ya ce a gaban mutane, "Idon Rabi'u a kan ƙarfe ba ya kuskure."

Na so a ce wani yana wurin ya ji.

Alhamis, 16 ga Sha'aban

An sallami Mukhtaru daga aiki.

Sabo ne ya kawo labarin, kuma ya faɗe shi yana kallon ƙasa. Wai ba ni kaɗai ya gaya wa ba. Akwai wani mai ɗaukar alhazai da ya zo sayen guda huɗu, Mukhtaru ya gaya masa abin da ya gaya mini, mutumin ya tsallaka titi ya sayi na maƙwabta. Labari ya kai kunnen wakili.

Na ce to ina ihsanin da ka ce ana yi masa? Sabo ya ce shi dai abin da aka saba ya faɗa.

Wannan bai nuna yana da gaskiya a kan motar ba. Ya nuna dai shi ya yarda da abin da ya faɗa. Abu biyu ne daban. Na yi ta maimaita wa kaina haka a hanyar gida.

Juma'a, 17 ga Sha'aban

Asiya ta kawo mini shayi, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ba halinta ba ne.

Ta ce, "Baba, ba cewa na yi ka ba shi ni ba. Amma ka daina cewa maƙaryaci ne."

Ban san ta ji na faɗa ba. Sau ɗaya na faɗa, ko biyu.

Alhamis, 20 ga Shawwal

Da azahar, a titin Gazza, bayan manyan motocin da ke kwashe ƙasar rusau. Mun yi kusan rabin sa'a muna jan ciki. Sai ta yi shaƙuwa sau biyu ta mutu.

Ni kaɗai ne, Allah ya rufa asiri. Fetur cike, batir lafiya, wuta na zuwa. Na taɓa bututun, na janye hannu. Na tura ta inuwa na zauna. Bayan kamar sa'a ɗaya ta tashi kamar ba ita ba.

Ban gaya wa kowa ba. Wataƙila datti ne a man.

Laraba, 25 ga Zulƙida

Gida ya cika. Alhazai ɗari biyu da wani abu, yawancinsu ta tashar jirgin ruwan Sawakin suka ƙetaro teku.

Shehu ya ɗauki Mukhtaru aikin wata guda, shi zai ja babbar motar tantuna da ruwa. Ban san kawunsa ya yi magana ba sai da na gan shi a tsakar gida yana ɗaure igiya. Ya rame.

Ya zo ya gaishe ni, ya ce ko zan bar shi ya duba motar kafin a hau. Rabin yini kawai, ya ce, a janye bututun daga jikin inji a naɗe shi.

Na ce lafiyarta ƙalau.

Ya ce, "Ba ta taɓa tsayawa ba?"

Na ce ba ta taɓa ba.

Ga alwala a jikina na faɗi haka.

Na yi niyyar in yi gyaran da kaina in ya tafi Mina da kaya. Amma motar ba ta zauna ba ko yini ɗaya, Jidda, Makka, Jidda. Kuma in an gan ni ƙarƙashinta za a tambaya.

Litinin, 7 ga Zulhajji

An ba ni mutanena, takwas. Maza biyar, mata uku, ba mai ƙasa da saba'in sai ɗaya.

Akwai Inna Ramlatu, daga wajen Haɗeja. Shekara goma sha ɗaya tana hanya. Ta tsinci auduga a gonakin Jazira, ta daka hatsi a gidajen mutane, ta binne mijinta a Kasala. Ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar take takawa tana dogarawa. Ta shafa kujerar motar ta ce, "Ɗan nan, a wannan za a kai ni?" Na ce a wannan. Ta ce ashe wuya ta ƙare.

Na roƙi Shehu mu bar Mina da sassafe ranar Arfa, kafin rana ta yi ƙarfi. Ya ce in sha Allahu. In muka fita da wuri ba abin da zai faru.

Asabar, 12 ga Zulhajji, Mina

Sai yau na sami zama. Zan rubuta duka.

Ba mu fita da wuri ba. Wani tsoho cikin mutanena, Malam Dawuda, ya ɓace wajen neman bayan gida, ba a gan shi ba sai da hantsi ya ɗaga. Babbar mota ta riga ta wuce da Shehu da sauran. Muka shiga hanya tare da duk duniya.

Har Muzdalifa muna motsi. Daga nan, inda hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu, komai ya tsaya. Bas, raƙuma, masu tafiyar ƙasa suna ratsawa ta tsakani. Taku ɗaya, tsayawa. Ina kallon allurar zafi tana hawa, ina karanta duk abin da na sani.

Daf da azahar ta yi shaƙuwar nan. Na san ta tun kafin ta biyu.

Mutane suka taya ni turawa gefe. Babu inuwa ko ta tsuntsu. Na buɗe bonet, na jira, na gwada. Na jira, na gwada. A titin Gazza inuwa ce ta tashe ta, nan kuwa ƙarfen ƙara zafi yake yi. Na tsaya wa motoci, kowacce har kan rufi mutane ne. Ruwanmu tulu ɗaya ne da 'yan butoci, na raba shi kurɓi-kurɓi, ban yarda in zuba wa inji ko ɗigo ba. Na shimfiɗa bargo a kan rufin, na buɗe ƙofofi duka.

Malam Dawuda ya fara magana ba kan gado, sannan ya yi shiru, jikinsa ya bushe ba gumi. Na san wannan alamar, na ga ta kashe ƙarti a hanyar nan.

Ga kuma abin da na sani su ba su sani ba. In rana ta faɗi, duk mutanen da ke Arfa ta nan za su juyo. Ba ma mota ba, ko mutum a ƙasa ba zai iya kutsawa gaba ba. Su kuwa ko taku ɗari ba za su yi ba.

Inna Ramlatu ta kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, da nisa?" Na ce ba nisa. Ta ce, "In ba za ta tashi ba ka gaya mini, in fara rarrafe tun yanzu." Ba da wasa ta faɗa ba, har ta sauko da ƙafa ɗaya.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ba tsoro ba, tsoron ma akwai. Kunya.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na hango mutum ɗaya yana tahowa ta inda kowa ke tafiya, yana saɓa wa jama'a, salka a kafaɗa, buhu a kansa. Mukhtaru. Ya ga an yi azahar ba mu iso ba, ya cika salka ya biyo hanya da ƙafa yana duba kowace mota. Tafiyar fiye da sa'a guda a wannan rana.

Bai gaishe ni ba ma. Ya dubi cikin motar, ya fara da Malam Dawuda, ya jiƙa masa harami ya ce mata su yi ta fifita. Ya ba kowa ya sha. Sannan ya yaga buhun, ya jiƙa, ya cusa hannu ya naɗe bututun da famfon mai. Na ji ƙarar fatarsa a jikin ƙarfe. Bai janye ba sai da ya ɗaure.

Ya yi ta ɗiga ruwa. Ya ce, "Gwada, Ammi." Ba ta tashi ba. Ya ƙara. A karo na huɗu ta kama.

Ya ce kada a rufe bonet duka. Ya sa dutse ya tokare, ya hau kan ƙarfen saman tayar gaba ya zauna da salkar a cinya, yana zuba wa buhun ruwa kaɗan-kaɗan ta ƙarƙashi. Ni ba na ganin gabana sosai, shi ke nuna mini da hannu, dama, hagu, tsaya. Haka muka tafi. Sau biyu ta so mutuwa, sau biyu ya tsananta ruwan. Salkar ta ƙare muna ganin tantuna.

Mun shiga Arfa ana kiran la'asar.

Aka ɗauki Malam Dawuda zuwa tantin likita, ya farfaɗo kafin magariba, yana nan da ransa. Inna Ramlatu ba ta jira an kai ta tanti ba. Inda aka sauke ta nan ta zauna a ƙasa, ta fuskanci alƙibla, ta ɗaga hannu. Na ji tana kiran sunan mijinta. Na matsa.

Shehu ya zo da gudu, rawani a hannu, yana tambayar me ya faru. Ni ya tambaya. Kafin in buɗe baki Mukhtaru ya ce, "Zafi ne, ya Shehu. Motoci da yawa sun tsaya yau." Gaskiya ne, sun tsaya. Shehu ya yi hamdala ya koma.

Na yi shiru. A Arfa, ranar Arfa, na yi shiru.

Hannunsa na dama ya tashi tun daga wuyan hannu har yatsu. Da shi ya ja babbar mota zuwa Muzdalifa, an naɗe da tsumma.

Talata, 15 ga Zulhajji

Na je wurin Shehu bayan walaha, na ce ina da magana.

Na gaya masa tun daga bayan ma'ajiyar taya. Titin Gazza. Ranar da aka nemi a duba na hana, da abin da na ce. Ban rage ba.

Ya juya carbi ya ce, "Da tsohon nan ya mutu fa?" Na ce na sani. Ya ce ba motar ce ta ba shi haushi ba, kowa na iya zaɓen tumun dare a kan ƙarfe. Na Shawwal ɗin ne. Ya ce in tafi, zai neme ni.

Alhamis, 24 ga Zulhajji

Kwana tara bai neme ni ba. Wani ɗan'uwansa ke kai alhazai Jidda da motar, da sassafe kawai. Ina gida. Shatu ba ta ce ai ta faɗa ba.

Inna Ramlatu ta aiko mini da goro guda, busasshe, wai tun daga Kasala take ajiye da shi. Na kasa ci.

Asabar, 26 ga Zulhajji

Ya neme ni. Zan ci gaba da tuƙi. Amma daga yau duk motar gidan, abin da Mukhtaru ya ce a kanta shi ne. Ya ɗauke shi aiki na dindindin.

Wato a ƙarƙashinsa nake, in an faɗe shi a fili. Shehu bai faɗe shi a fili ba.

Na ɗauka zai yi mini zafi fiye da haka.

Lahadi, 5 ga Muharram, 1376

Mun janye bututun, ni da shi. Hannunsa bai warke ba, don haka shi ke faɗa ni ke yi. Mun bi da shi ta jikin bango, nesa da inji, muka sa farantin ƙarfe a tsakani. Ya so a lanƙwasa a sama, na ce a ƙasa, in ba haka ba zai goga. Ya duba, ya ce nawa ya fi. Bai faɗa don ya faranta mini ba, na lura, don a kan maɗaurin ya ƙi yarda da ni kuma shi ke da gaskiya.

Mun bar ta tana aiki a tsaye cikin rana tun azahar har la'asar. Ba ta yi shaƙuwa ba.

Muna wanke hannu ya ce abokinsa na Jidda ya ce nan da wata uku ta hamsin da bakwai za ta sauka, kuma wai sun gyara wurin bututun. Na ce wato mu muka gwada musu. Ya ce, "Mu da wasu, Ammi." Na tambaye shi Mai Gashin Baki fa. Ya ce an ce baɗi ita za ta sauya komai, sai a bar ta ta shekara tukuna. Muka daɗe a kan wannan. Ban ankara ba har aka kira magariba.

Sabo ya wuce ya gan mu, ya yi kamar bai gani ba.

Laraba, 8 ga Muharram

Ba wani labari. Na kai Shehu Ka'akiyya duba fili, na dawo.

Na ce wa Shatu ranar Juma'a ta ƙara shinkafa, ta sa nama sosai, ta kuma aika Misfala a gaya wa kawun Mukhtaru ina gida bayan masallaci. Kuma abin da za a ci ya zama mai laushi, wanda za a iya ci da cokali a hannun hagu.

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Baƙi za mu yi, Malam?"

Na ce kawun dai baƙo ne.